Yadda Mai Kyamara Zai Zaɓi Tsaunin Farko da Zai Hau Cikin Dusar Ƙanƙara

Mai ɗaukar hoton da ya tashi a Kano ko Damagaram ko Garwa, idan ya ƙudurta hawan babban tsauni a lokacin hunturu, abu uku zai tarar suna jiransa a wuri ɗaya: tsawon da ke rage numfashi, sanyin da ke sandarar da yatsa, da nauyin kayan da ya goya. Duka ukun baƙi ne a wurinsa. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, sanyin da muka sani kuwa na Disamba da Janairu ne, wanda rigar sanyi da kaskon wuta ke maganinsa. Don haka da lissafin saukowa ake zaɓen tsaunin farko. Wanda zai bar ka ka gaji, ka yi kuskure, batir ya mutu, hannu ya ƙi motsi, amma duk da haka ka dawo masauki kafin magariba, shi ne naka.

Kyamara tana ƙara wa tafiyar wahala fiye da yadda ake zato. Jikin kyamarar zamani yakan kai gram 650 zuwa 700, gilashin 24–105 wajen gram 700, dogon gilashin 70–200 mai f/2.8 kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ƙafar kyamara kilo ɗaya da ɗoriya. Kafin ka ankara ka ɗora wa kanka kilo huɗu da abokan tafiyarka ba su ɗauka ba. Sai kuma lokaci. Tsayuwa goma sha biyu ta minti biyar-biyar awa guda ce cur, kuma a kowace tsayuwa jikinka yana hucewa, gumin da ke bayanka yana komawa sanyi, yatsunka suna waje. Duk hanyar da aka ce maka awa bakwai ce zuwa da dawowa, kai ka rubuta takwas da rabi. Saboda wannan ne mai kyamara ya kamata ya zaɓi tsaunin da ke ƙasa da ƙarfinsa da mataki guda.

Ma'aunin zaɓe

Abu na farko, hanyar ta zama ta tafiya da ƙafa, wadda ba sai an ɗaura igiya ba. Duk tsaunin da hanyarsa ta ratsa ta kan tsohuwar daskararriyar ƙanƙara mai tsagogi, ka soke shi. A hunturu dusa tana rufe bakin tsagogin nan kamar yadda ciyawa ke rufe tsohuwar rijiya, kuma fitar da mutum daga ciki ilimi ne mai zaman kansa.

Na biyu, a sami masauki mai rufi da abinci can sama, ta yadda hawan ranar ƙarshe ba zai wuce mita 1,000 ba. Kwana cikin tanti a kan dusa yana nufin ƙarin kilo shida ko bakwai na tanti da risho da tukunya, ga narkar da dusa don ruwan sha, ga babu inda za ka yi cajin batir. Wannan darasin shekara ta biyu ne.

Na uku shi ne karkatar gangare, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Mafi yawan zaftarewar dusar ƙanƙara tana faruwa ne a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45. Ƙasa da haka dusar ba ta cika zamewa ba, sama da haka ba ta cika taruwa ba. Abin haushin shi ne wannan karkatar ce ta fi daɗin hawa, ita ce kuma ta fi kyau a hoto. Ka nemi hanyar da yawancinta ke bin faffaɗan doro ko kwari mai sauƙi, sannan ka lura da abin da ke samanka, domin mutum yana iya tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri dusa ta zubo masa daga gangaren da ke bisa kansa. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan saukar sabuwar dusa mai yawa, musamman in an yi iska, su ne mafi muni.

Bayan waɗannan, ka tabbata hanyar hawa ita ce hanyar sauka, don ka iya juyawa a duk inda ka ga dama. Ka kuma tabbata akwai jagora na gari, da wurin hayar kaya, da mutane masu bin hanyar kullum suna taka dusar.

Da wannan ma'auni tsaunuka da yawa masu suna za su faɗi. Ben Nevis na Sikotlan mita 1,345 ne, bai ma kai duwatsun Shere na Jos ba, amma samansa fili ne da hazo ke rufewa ruf, gefensa na arewa kuma rami ne mai leɓen dusa, ana kuwa rasa rayuka a wurin. Fuji na Japan, mita 3,776, daga Yuli zuwa farkon Satumba har tsofaffi da yara suna hawansa. Da hunturu ya shigo sai masaukai su rufe, gangaren ya koma ƙanƙara mai santsin gilashi. Tsaunin Washington na Amurka bai cika mita 2,000 ba, amma a kansa aka auna iska mai gudun kilomita 372 a awa a shekarar 1934. Mont Blanc na iyakar Faransa da Italiya kuwa tsagogi da igiya ne, kada ma a fara maganarsa. Kilimanjaro na Tanzaniya, mita 5,895, yana dab da tsakiyar duniya, ba shi da hunturu irin wanda ake nufi a nan. Zai koya maka ciwon tsawo sosai, amma za ka iya hawa ka sauko ba ka taɓa riƙe gatarin ƙanƙara ba. Wanda ke zaune a Amurka yana da Quandary Peak a jihar Kolorado, wajen mita 4,350, mai faffaɗan doro ta gabas, wanda mutanen can da yawa da shi suke fara hawan hunturu.

Ga wanda zai taso daga Afirka ta Yamma, zaɓin da ya fi cika sharuɗɗan nan shi ne Tubkal na ƙasar Maroko.

Tubkal

Tsawonsa mita 4,167, shi ne mafi tsawo a jerin duwatsun Atlas da duk Afirka ta Arewa. Ana shiga jirgi daga Legas ko Yamai zuwa Kasabalanka, jirgin ƙasa ya kai ka Marrakesh cikin awa uku ko ƙasa da haka, sannan mota ta yi kilomita sittin da 'yan kai zuwa ƙauyen Imlil, mita 1,740. Nan kwalta ta ƙare. Mutanen wurin Barbar ne, harshensu ɗan'uwan na Abzinawa ne, suna kuma jin Larabci da Faransanci, saboda haka ɗan Nijar ya fi ɗan Najeriya sauƙin ciniki.

Daga Imlil ana bin kwarin Mizan, a wuce ƙauyen Arumd, a isa Sidi Shamharush, wajen mita 2,300, inda akwai wani ƙaton dutse da aka shafe da farar ƙasa, wanda masu ziyara ke cewa mazaunin sarkin aljanu ne. Akwai masu shayi da lemo a nan. Kada ka ɗaga kyamara kan masu ziyara ba ka nemi izini ba. Yawancin lokaci a hunturu alfadarai a nan ko gaba kaɗan suke tsayawa, domin ba sa iya taka dusa, sai 'yan dako su karɓi kaya. Ka yi wannan cinikin tun a Imlil, kada ka bari sai a bakin dusar, inda ba ka da zaɓi. Masaukai biyu ne a mita 3,207, dab da juna: na ƙungiyar masu hawan tsauni ta Faransa reshen Kasabalanka, da wanda ake kira Les Mouflons. Daga Imlil zuwa can awa biyar zuwa shida ne, hawan kusan mita 1,470.

Daga masauki zuwa ƙololuwa mita 960 ne ta kwarin kudu, wanda suke kira Ikhibi Sud. Wurare biyu ne masu bukatar nutsuwa: gangaren farko da ke bisa masauki, wanda da asuba yakan daskare ya yi tauri, da kuma doron ƙarshe bayan mashigar Tizi n'Tubkal, sama da mita 3,900, inda hanya ke ratsa gefen gangare kuma iska ta fi ƙarfi. A sama akwai dalar ƙarfe mai nuna ƙololuwa. Hawa awa huɗu zuwa biyar, sauka biyu zuwa uku.

Tun bayan kisan wasu 'yan mata biyu masu yawon buɗe ido, 'yar Denmak da 'yar Nowe, kusa da Imlil a Disambar 2018, hukuma ta wajabta ɗaukar jagora, jandarmomi kuma suna duba fasfo a hanya, don haka fasfo ya zauna a aljihu. Ga baƙon dusa wannan dokar alheri ce. Sai dai jagora suna suka tara. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana da takardar shaida, sau nawa yake hawa a hunturu, mutum nawa zai haɗa ku, kuma ko zai ware yini guda ya koya maka amfani da kirampon (ƙarfe mai haƙora da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi) da gatari. Ka faɗa masa tun farko cewa hoto ya kawo ka. In ya haɗa ka da ayarin mutum goma masu sauri, ko dai ka dinga gudu kana haki, ko ka dawo da memori fayau.

Kamfanoni suna sayar da tafiyar kwana biyu: yau a hau masauki, gobe a hau ƙololuwa a gangaro har Marrakesh. Kada ka saya. Marrakesh kusan ɗaya take da Kano wajen tsawo, ka ga ke nan mutum zai tashi daga mita 460 ya kai 4,167 cikin awa talatin. Ka ware kwana biyar. Ranar farko ka kwana a Imlil. Ta biyu ka hau mashigar Tizi n'Mzik, kusan mita 2,500, da cikakkiyar jakarka, ka dawo ka sake kwana a Imlil. Ta uku ka hau masauki. Ta huɗu ka yi atisaye a gangaren da ke kusa, ka ɗan haura sama ta cikin kwarin ka dawo. Ta biyar ƙololuwa. In da hali ka ajiye kwana ɗaya na ko-ta-kwana, domin iska tana iya hana fita. Daga Janairu zuwa Maris ne aka fi samun dusa. Ranakun Maris sun fi tsawo da sauƙin sanyi. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin waɗannan watanni, kuma hawa irin wannan ba ya yiwuwa babu shan ruwa, saboda haka ka duba kalanda kafin ka yanki tikiti.

Jiki kafin kaya

Kafin komai ka san rukunin jininka na sikila. Mai SS ko SC, wannan tafiya ba tasa ba ce. Mai AS, wanda a Najeriya kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu, yana rayuwarsa lafiya a ƙasa, amma a wuri mai tsawo ƙarancin iskar shaƙa da bushewar jiki suna iya toshe jijiyoyin saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Jagororin da suka saba da Turawa ba lalle su kawo wannan a ransu ba, don haka ka ga likita kafin ka tashi, ka kuma sanar da jagoranka. Haka nan zazzaɓin cizon sauro: ciwon kai da kasala da amai duk suna kama da ciwon tsawo. In akwai zazzaɓi a tare, ka sauka a gwada jininka, ka gaya musu daga inda ka fito.

A mita 4,000 kowane numfashi yana ba ka wajen kashi 60 cikin ɗari ne na iskar da kake samu a bakin teku. Ciwon tsawo yakan fara daga mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, ƙin abinci. Ƙarfin jiki ba ya hana shi, sau da yawa ma samari majiya ƙarfi ne yake kayarwa saboda gaggawa. Ƙa'idar likitoci ita ce, in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya da sama da mita 500. Tsallen Imlil zuwa masauki babba ne, shi ya sa ake kwana biyu a masauki kafin a ƙara gaba. In ciwon kai bai tafi da farasitamol da ruwa da hutu ba, ba a ƙara hawa. In mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko magana ta rikice, ko yana haki alhali yana zaune, ko tari mai kumfa, ruwa ne ya fara taruwa a ƙwaƙwalwa ko huhu. A saukar da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai maganin rigakafi, Diamox, da akan sha miligiram 125 sau biyu a rana tun ana gobe za a fara hawa. Yana sa yawan fitsari da jin tsattsaki a yatsu, kuma likita ne zai rubuta maka shi.

Biyu daga baƙin nan uku za ka iya sabawa da su tun a gida. Wata uku kafin tafiya ka riƙa goya jaka mai kilo goma kana hawa da sauka a matakalar bene ko Dala ko Kufena, sau uku a mako, har ka iya awa biyu ba ka galabaita ba. Ka fi ba sauka muhimmanci, ita ce ke karya gwiwa. Wanda ya samu zuwa Mambila ya gwada Chappal Waddi, mita 2,419, mafi tsawo a Najeriya. Tsaunin Kamaru da ke bisa Buea ya haura mita 4,000 kuma babu dusa, amma a binciki halin tsaron yankin tukuna.

Sutura da ƙarfe

Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000. In safiyar Janairu a Marrakesh digiri 6 ce, a ƙololuwar Tubkal ka sa ran abin da ya kai digiri 15 ƙasa da sifili ko fiye. Iska kuma tana ninka shi: digiri 10 ƙasa da sifili da iska mai gudun kilomita 40 a awa, fata tana jinsa kamar 21 ƙasa da sifili.

Auduga ita ce abokiyar gaba, ga shi kuwa ita muka saba sawa. Tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya sai ta zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a jikinka. Singileti da gajeren wando da safa duk su zama na ulu ko na roba. A kansu rigar ɗumi mai laushi, sannan rigar da ke tare iska da ruwa, sannan babbar rigar gashin tsuntsu wadda ke zama a saman jaka, ana sa ta da zarar an tsaya a cire in za a tashi. Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi. Wanda ya fita daga masauki yana jin ɗumi, bayan minti goma sha biyar zai jiƙe sharkaf. Wando ya zama tsukakke daga gwiwa zuwa ƙasa, domin haƙoran kirampon suna kama faffaɗan wando su kayar da mutum.

Takalmi ya zama mai taurin ƙasa, wanda ba ya lanƙwashewa in ka murɗa shi da hannu. Masu sayarwa suna kiransa B2. In ƙasan takalmi yana lanƙwasa, kirampon zai kwance a tsakiyar gangare. Ana samun hayar kirampon da gatari a Imlil, amma ka ɗaura shi a kan takalminka a cikin shagon, ka jijjiga, ka duba igiyoyinsa, ka ga ko akwai farantin roba a ƙasansa. In babu, dusa mai laushi ta rana za ta dunƙule a ƙarƙashi kamar laka a damina, haƙoran su daina kamawa, sai ka riƙa buga gefen takalmi da gatari kowane 'yan taku. Gatari mai tsawon santimita 55 zuwa 65 ya isa. Ana riƙe shi a hannun da ke ɓangaren tudu. Abin da za ka koya a ranar atisaye shi ne tsayar da kanka in ka zame: ka juya rubda ciki, ka danna bakin gatari cikin dusa da nauyin ƙirjinka, ka ɗaga ƙafafu sama don kada haƙora su kama ka wuntsila. Ka maimaita har sai jiki ya yi shi ba tare da tunani ba.

Tabarau mai lamba 4, mai rufe gefen ido, dole ne. Sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙuna, ciwon kuma ba ya tashi sai da dare, ido ya yi kamar an zuba masa yashi. Baƙar fata ma tana ƙonewa a can, musamman leɓe da ƙarƙashin hanci. Man kaɗanya yana maganin bushewa amma ba ya tare rana. Ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu a gora mai faɗin baki, a zura ta cikin safa a kife ta, tunda ƙanƙara daga sama take fara kamawa. Ƙaramin fulas na shayi, dabino da gyaɗa a aljihu. Alwala a yi ta a masauki, a tsane hannu da ƙafa sarai kafin a sa safa. A kan hanya ba a cire takalmi a zuba wa ƙafa ruwa. Akwai taimama, malaman Malikiyya ma sun ambaci yin ta a kan ƙanƙara.

Kyamara cikin sanyi

Ranar ƙololuwa duk kayan hoto kada su wuce kilo biyu da rabi, jakar gaba ɗaya kilo tara ko goma. Jiki ɗaya, gilashi ɗaya mai zuƙowa irin 24–105. Canza gilashi cikin iska mai ɗauke da garin dusa yana nufin buɗe cikin kyamara ga ruwa, da yatsun da ba sa ji. Ƙafar kyamara ta tsaya a masauki, inda za ta yi aiki da dare: gilashi mai faɗi, f/2.8, daƙiƙa 15 zuwa 20, ISO 3200, taurari bisa fararen duwatsu. In za ka kafa ta a dusa, kada ka buɗe ƙafafun gaba ɗaya kafin ka danna, domin dusar za ta ƙara ware su har mahaɗin ya karye. Jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi kuwa ka bar shi a gida, kwastan na Maroko suna karɓe shi a filin jirgi in babu izini.

Yawancin kyamarori an yi su ne don digiri 0 zuwa 40, wasu har 10 ƙasa da sifili. Suna aiki ƙasa da haka, batir ne ke gazawa. Ka ɗauki huɗu: ɗaya a kyamara, uku a aljihun ciki kusa da fata. Wanda ya nuna ya ƙare ba ya ƙare ba ne, ka mayar da shi aljihu ya ji ɗumi zai farfaɗo. Kada ka yi cajin batirin da ya daskare sai ya ji ɗumi, caji ƙasa da sifili yana lalata shi. Da dare batura da waya su kwana cikin jakar barci tare da kai. Wutar masauki ba ta da tabbas kuma kowa yana layin soket, don haka ka zo da ma'ajiyar caji da kan soket mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. A jirgi batura a jakar hannu suke tafiya, gatari da kirampon a babbar jaka.

Safar hannu hawa biyu: siririya a ciki wadda za ka iya danna maɓalli da ita, da katuwa a waje mai igiya ɗaure a wuyan hannu. Iska tana ɗauke safar da aka ajiye a ƙasa cikin ƙiftawar ido, saboda haka a sami ta ajiya a jaka. Fatar hannu kada ta taɓa ƙarfe. Ka gwada duk maɓallan kyamararka da safa tun a gida, ka saita abin da za ka saita tun a masauki. In yatsa ya yi fari-fari ya daina ji, ka cusa shi a hammata. Ba a murza shi, ba a kara shi a wuta.

Na'urar auna haske ta kyamara tana ɗaukar kowane abu a matsayin toka-toka, shi ya sa dusa ke fitowa kamar an wanke ta da ruwan toka. Ka ƙara haske da mataki ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka duba jadawalin haske ya matsa dama ba tare da ya manne da bango ba. Allon baya ba abin dogaro ba ne a cikin wannan hasken, ga tabarau a idonka. Ka ɗauka a RAW, domin inuwar dusa shuɗiya take fitowa kuma sai a kwamfuta ake gyara ta. Da rana f/8, ISO 100 zuwa 200, saurin 1/500 ko fiye, tunda hannun mai haki rawa yake yi. Filtar rage ƙyalli a wannan tsawo tana mayar da sama kusan baƙa, ka sassauta ta ko ka cire. Kada ka hura wa gilashi iska da baki, tururin zai daskare a kai. Ka yi amfani da busasshen buroshi. Ka riƙe numfashi lokacin da ido ke kan maleƙi.

Inda za ka rataya kyamarar ya fi duk waɗannan muhimmanci. Igiyar wuya tana lilo, tana kama gatari. Jakar ƙirji ko maƙalin kafaɗa suna da kyau a wuri mai sauƙi, amma ka tuna yadda ake tsayar da zamewa: da ƙirji ake danna gatari. Kyamara a ƙirji za ta shiga tsakaninka da shi. Saboda haka a gangaren farko da doron ƙarshe kyamara tana cikin jakar baya, a rufe. In za ka ɗauki hoto, ka tsaya cak, ka tattake wurin tsayuwa, ka kafa gatari, sannan ka fito da ita. Ba a taku ko ɗaya da ido a maleƙi, balle ja da baya don mutum ya shiga hoto. A bakin doro kuma dusa takan yi leɓe ta miƙa kan rami, daga sama ba a ganin cewa ƙarƙashinta iska ce. Ka tsaya inda sawun jagora ya tsaya.

Ranar hawa

Agogon Maroko ɗaya ne da na Najeriya da Nijar in ba cikin azumi ba, amma a Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas da rabi, yinin kuma awa goma ne da 'yan mintoci. Masu son fitowar rana ta same su a ƙololuwa suna fita tun ƙarfe huɗu, su yi duk hawan cikin duhu da mafi tsananin sanyi. A karon farko ka haƙura da wannan hoton. Ka fita wajen shida da rabi da tocilar goshi. Kwarin kudu yamma yake fuskanta, za ka daɗe cikin inuwa, amma in ka waiwaya za ka ga hasken farko ya sauka ja a kan Afella da sauran ƙololuwan da ke tsallaken kwari. Sau da yawa wannan ya fi hoton sama kyau. Daga ƙololuwa, in gari ya yi garau, ana hango Jabal Sirwa ta kudu da filin Marrakesh ta arewa.

Ku yanke lokacin juyawa da jagora tun da dare, misali ƙarfe ɗaya na rana, duk inda kuka kai. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: daga mashiga dalar ƙarfen tana kama da kusa, amma saura kusan awa guda. In iska ta kai ga tana tura ka gefe, ko ka ga dusa tana tashi daga doro kamar hayaƙi, ko gajimare ya rufe sama, a juya. A ƙololuwa minti goma sha biyar zuwa ashirin sun isa: rigar gashi tukuna, shayi, sannan hoto. Wajen sauka aka fi faɗuwa, lokacin ƙafa ta gaji, dusa ta yi laushi, hankali ya koma kan abinci, don haka kyamara ta koma jaka har sai an wuce gangaren da ke bisa masauki.

Kafin ka tura ƙofar masauki, tun kana waje, ka cire memori da batir ka sa a aljihu, ka saka kyamara da gilashinta cikin leda mai zik, ka matse iskar ka rufe. Ɗakin cike yake da tururin miya da numfashin mutane da jiƙaƙƙun safa, kyamara mai sanyi kuwa tana jawo raɓa kamar gorar ruwan firji, har cikin gilashi da wayoyinta. In ka fita da ita a haka gobe, raɓar za ta daskare a ciki. Ka bar ta cikin ledar, cikin jaka, nesa da murhu, awa biyu, sai ka taɓa ka ji ta daina sanyi sannan ka buɗe.